Wasiƙar da Ta Dawo: Daga Gidan Wayar Kaduna Zuwa Akwatin Imel

A ofisoshin da ke jere a titin Ahmadu Bello da titin Independence a Kaduna, akwai wani irin saƙon imel da kowa ya san kamanninsa amma ba a cika buɗe shi ba. Yakan faɗo ne jim kaɗan bayan mutum ya aika nasa saƙon, daga wani mai suna "Mail Delivery Subsystem" ko "MAILER-DAEMON", cike da Turanci mai kauri da lambobi. Sakataren ƙungiyar da ya tura gayyatar taro ga mambobi ɗari uku zai iya samun irinsa da dama kafin ya tashi daga kujera. Idan abin ya ishe shi, ba ya rasa wanda zai nuna masa mafita: a shiga saitin Gmail ko Outlook ko Thunderbird, a kafa ƙa'ida cewa duk saƙon da ya zo daga wannan suna a zuba shi a shara. Daga ranar sai akwati ya yi fes.

Sai dai abin da aka zubar ɗin shi ne kaɗai labarin da ke sanar da mai aike cewa saƙonsa bai isa ba. Takardar neman kwangila, ko gayyatar ganawa da mai neman aiki, ko sanarwar ranar zaman kwamiti, duk suna iya faɗuwa a hanya, mai aikensu kuma yana zaune yana jiran amsa. Wannan labari na dawowar saƙo ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma tarihinsa a ƙasar Hausa yana nuna dalilin da ya sa aka sha wahala kafin a samar da shi.

Lokacin da manzo ne rahoto

Kafin zuwan Turawa, wasiƙun hukuma a Daular Sakkwato da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, a danƙa wa manzo. Ofishin Waziri shi ke kula da yawancin rubuce-rubucen da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe. Tarin wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari bayan cin Sakkwato a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna yawan zirga-zirgar da ake yi da takarda a wancan zamani.

A wannan tsari ba a buƙatar wata sanarwa ta daban, domin manzon da kansa shi ne sanarwar. Zai dawo ya faɗi ko ya tarar da wanda aka aike shi gare shi, ko an karɓi takardar, da irin fuskar da aka karɓe ta da ita, da masaukin da aka ba shi. In ma bai dawo ba, rashin dawowarsa labari ne. Nauyin irin wannan rahoto ya bayyana a farkon mulkin mallaka. A 1900 Lugard ya aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman fassarar sanarwar kafa mulkin Birtaniya a Arewa, daga baya ya rubuta a rahotonsa cewa ba a girmama manzonsa ba kuma ba a ba da amsa ba. Wannan na cikin hujjojin da ya jera kafin yaƙin da ya kai ga faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903. Masana tarihi irin su D. J. M. Muffett da R. A. Adeleye sun yi dogon nazari a kan abin da ya gudana a wannan musayar wasiƙu, amma darasi ɗaya a fili yake: abin da aka gaya wa mai aike game da makomar saƙonsa yana iya zama sanadin babban hukunci.

Gidan waya da matsalar adireshi

Gidan waya ya raba saƙo da manzo. An buɗe na farko a Legas a farkon shekarun 1850 a matsayin reshen babban gidan waya na Landan, Arewa kuma ta samu nata kan sarki a 1900. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma lokacin da aka ɗauke hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sabon garin ya zama mahaɗar takardun mulki: na Razdan-Razdan daga larduna, na soja, na ma'aikatar jirgin ƙasa. Da yawa daga cikin waɗannan takardu suna nan ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, titin da babban gidan wayar Kaduna yake.

Yanzu wasiƙa tana ratsa hannun mutane goma waɗanda ba su san mai aike ba, ba su san wanda aka aika wa ba. Abin da ke jagorantar ta shi ne rubutun bayan ambulan kawai. In rubutun ya kasa, dole a sami wata hanyar sanar da mai ita. Ƙasashen da suka riga mu sun daɗe da kafa ofis na musamman don haka. Amurka ta buɗe nata ofishin matattun wasiƙu a 1825, inda aka ba wasu ma'aikata izinin buɗe ambulan don neman sunan mai aike. Bayan kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern a 1874, wadda Nijeriya ta shiga a 1961, aka daidaita yadda ake mayar da wasiƙa tsakanin ƙasashe. Har yau akwai 'yar takardar da ake mannawa, mai lamba CN 15, ɗauke da jerin dalilai da Faransanci, harshen ƙungiyar: ba a san shi ba, ya ƙaura, ya ƙi karɓa, ba a zo ɗauka ba, adireshi bai cika ba. Ma'aikaci zai yi alama a gaban ɗaya. Wanda ya taɓa aika wasiƙa Maraɗi ko Yamai ta dawo masa ya san wannan takarda.

A Kaduna matsalar tana da nata salo. Mafi yawan mutane ba su da adireshin gida da ma'aikacin gidan waya zai bi. Wasiƙa akwati take zuwa. Manyan ma'aikatu suna da jakar P.M.B., 'yan kasuwa da masu hali suna hayar akwatin gidan waya, sauran jama'a kuma sai "ta hannun" wani: ta hannun shugaban makaranta, ta hannun wani ɗan'uwa a ma'aikatar ayyuka, ta hannun masaƙa. Dubban masu sauraron da ke aika katin gaisuwa zuwa Rediyon Kaduna, da masu rubuta wa jaridar New Nigerian wadda ta fara fita a Janairun 1966, da irin wannan adireshi na aro yawancinsu suke amfani.

Adireshin aro kuwa yana mutuwa tare da alaƙar da ta haife shi. Da aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, ma'aikatan gwamnati da suka yi shekaru a Kaduna suka watsu zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilorin. Haka aka sake yi da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri, a ƙetaren kogi, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Duk lokacin da irin wannan ya faru, akwai adireshin da ke cikin littafin 'yan'uwa a ƙauye wanda ya daina nufin kowa. Ambulan da ya dawo da tambarin gidan waya a fuskarsa ba ya faranta rai, amma shi ke sa a daina jira, a nemi mutum ta wata hanya. Wanda wasiƙarsa ta ɓace shiru ba tare da ta dawo ba shi ne ya fi asara.

Wa ke ɗaukar asara?

Lauyoyi sun riga injiniyoyi fuskantar wannan tambaya. Duk wanda ya karanta dokar kwangila a Zariya ko Kano ya haɗu da shari'ar Adams da Lindsell ta 1818. Wasu 'yan kasuwa a Ingila sun rubuta wasiƙar tayin sayar da ulu ranar 2 ga Satumba 1817, amma suka yi kuskuren adireshi, wasiƙar ba ta isa ba sai ranar 5. Masu saye suka aika amsar amincewa a daren, ta iso ranar 9, alhali masu ulu sun gaji da jira sun sayar wa wani ranar 8. Kotu ta ce ciniki ya ƙullu tun lokacin da aka jefa amsar a gidan waya, kuma jinkirin ya samo asali ne daga kuskuren masu tayin. Wannan ƙa'ida ta shigo Nijeriya tare da sauran dokokin Ingila da aka gada.

A 1955 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta duba wani ciniki da aka ƙulla ta teleks tsakanin Landan da Amsterdam, a shari'ar Entores. Nan aka bambanta: idan hanyar sadarwa ta nan take ce, saƙo ba ya aiki sai ya isa, domin mai aike yana da damar sanin cewa layi ya yanke, kuma a kansa yake ya sake faɗa. Ma'aunin a nan shi ne sani. Wanda ba shi da hanyar sanin cewa saƙonsa ya faɗi yana da uzuri. Wanda aka sanar da shi ya kau da kai ba shi da irin wannan uzuri. Tun da Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotunan Nijeriya, wannan bambanci ya shafi duk ofishin da ke aika takardu ta imel.

Yadda imel ya gaji tambarin gidan waya

Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu da alamar @ a 1971. A watan Agusta na 1982 Jon Postel ya fitar da takardar RFC 821, wadda ta shimfiɗa tsarin SMTP da imel ke tafiya a kai har yau. Tsarin ya kwaikwayi gidan waya sosai. Saƙo yana tashi daga wata babbar kwamfuta mai rarraba saƙonni, wadda ake kira saba, zuwa wata. Duk sabar da ta karɓi saƙo ta ɗauki amana: ko ta isar da shi, ko ta rubuta wa mai shi cewa ta kasa. Manhajar da ke wannan rubutu ita ce "MAILER-DAEMON". Kalmar ta biyu a sunan tana nufin hadimin da ba a gani, irin manhajar da ke aiki a bayan fage ba tare da an kira ta ba.

Postel ya hango wata matsala: idan sanarwar kasawa ita ma ta kasa isa, za a rubuta sanarwa a kan sanarwa har abada. Saboda haka aka tsara cewa irin wannan saƙo ya fita ba tare da adireshin mayarwa ba. In ya faɗi, ya faɗi ke nan. Ma'anar wannan ga mai amfani ita ce sau ɗaya tak ake gaya masa.

Dalilan da CN 15 ke jerawa da kalmomi, imel da lambobi yake faɗarsu. Lambar da ta fara da 4 tana nufin matsala ta wucin gadi: sabar can ta cika da aiki ko ta ɗauke, kuma za a ci gaba da gwadawa, galibi har kwana huɗu zuwa biyar. Lambar da ta fara da 5 tana nufin an haƙura. A 1996 aka ƙara lambobi masu gaɓa uku da tsayayyen fasali na sanarwar, aka sabunta su a 2003. Daga nan ne aka samu 5.1.1, wato babu mai wannan adireshi, daidai da "ba a san shi ba", da 5.2.2, wato akwati ya cika, ɗan'uwan "ba a zo ɗauka ba", da 5.7.1, wato an hana saƙon shiga bisa wata doka ta wurin, kwatankwacin "ya ƙi karɓa".

Imel ya yaɗu a Kaduna ne ta shagunan intanet na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, daidai lokacin da wayar GSM ta shigo a 2001. Adireshin Yahoo da Hotmail na wancan lokaci ƙaramin wuri ke gare su, megabait 4 da megabait 2, hotuna kaɗan sun isa su cika shi, kuma in an daɗe ba a buɗe ba sai a rufe. Mutane da yawa yaron shago ne ya buɗe musu adireshi don cike fom ɗin jarrabawa ko neman aiki, suka fita suka manta kalmar sirri. Wasu kuma adireshin ma'aikata suke amfani da shi, wanda ake kashewa ranar da suka bar aiki. Tsohuwar matsalar "ta hannun wane" ce ta dawo da sabuwar riga, kuma jerin adireshin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ƙwararru cike yake da irin waɗannan.

Yadda sanarwa ta zama shara

Waɗanda suka gaji da waɗannan saƙonni suna da hujja. Tsarin 1982 an gina shi ne a kan yarda: kowa na iya rubuta kowane adireshi a matsayin nasa, kamar yadda mutum zai iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Masu tura tarkacen talla da masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta suka gano wannan. Ƙwayar Klez a 2002 da Sobig.F a Agustan 2003 sun riƙa ɗaukar adireshin mutane daga kwamfutocin da suka kama suna aika saƙo da sunansu. Duk saƙon da ya faɗi, sanarwarsa sai ta tafi wurin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A Janairun 2004 ƙwayar Mydoom ta ƙara gaba: ita kanta ta riƙa zuwa da kamannin sanarwar kasawa, da take irin "Mail Transaction Failed", don mutum ya buɗe abin da aka maƙala. Har yau 'yan damfara suna aika sanarwar ƙarya mai cewa akwai saƙonnin da suka maƙale, a latsa nan a shigar da kalmar sirri.

Kayan tacewa sun girma tare da wannan annoba. Manhajar procmail ta fito a 1990, harshen rubuta ƙa'idojin tacewa mai suna Sieve ya samu daidaitaccen tsari a 2001, Gmail kuma ya zo a Afrilun 2004 da nasa matatan. A ɗaya ɓangaren aka ƙirƙiro hanyoyin tabbatar da cewa mai aike shi ne da gaske, wato SPF da DKIM da DMARC, kuma saba masu kyau suka koma ƙin saƙo tun a bakin ƙofa maimakon su karɓa sannan su rubuta wa adireshin da ba su tabbatar ba. Wannan ya rage sanarwar bogi ƙwarai.

Amma ya haifar da sabon dalilin dawowar saƙo. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: mai aika saƙo daga adireshin kamfaninsa dole ya kasance da shaidar tabbatarwa, mai aika sama da 5,000 a rana zuwa Gmail kuma sharuɗɗansa sun fi yawa. Makaranta ko asibiti ko ofishin lauya da aka buɗe wa adireshi mai ƙarewa da .ng shekaru da suka wuce, ba a sake duba saitinsa ba, zai iya wayar gari ana mayar da saƙonninsa. Sanarwar da ta dawo ita ke faɗin haka ƙarara. Ofishin da ya kafa ƙa'idar gogewa zai iya yin watanni yana zargin mutane da ƙin amsa.

Ƙa'idar da ta dace da tarihin

Gidan waya bai taɓa warware matsalar tarin wasiƙun da suka kasa isa ta hanyar ƙona su a ranar da suka dawo ba. Ya ware musu wuri, ya ɗora wani a kansu, ya rubuta dalili a kan kowace. Ƙa'idar tacewa mai amfani ita ce wadda ta kwaikwayi wannan.

Na farko, ta ware, kada ta goge. A Gmail ana iya cewa saƙon da ya zo daga mailer-daemon ko postmaster ya tsallake babban akwati ya sauka ƙarƙashin wani laƙabi. A Outlook da Thunderbird a tura shi wata folda ta musamman. A bar shi a matsayin wanda ba a karanta ba, don adadinsa ya riƙa bayyana a gefe. Abin da aka tura shara a Gmail kwana 30 yake yi ya ɓace gaba ɗaya.

Na biyu, ta kama sanarwar da alamar da ta fi tabbas. Take yana bambanta daga saba zuwa saba: na Microsoft yakan fara da "Undeliverable", na Postfix yakan ce "Undelivered Mail Returned to Sender". Ƙa'idar da aka gina a kan kalma ɗaya ta take tana iya haɗawa da wasiƙar abokin ciniki da ke ƙorafin kayan da ba a kawo masa ba. Inda manhaja ta ba da damar duba bayanan kan saƙo, kalmar "delivery-status" da ke cikin fasalin 1996 ta fi aminci.

Na uku, ta bambanta jinkiri da kasawa. Sanarwar jinkiri ana iya sa mata alamar an karanta, domin in abin ya ci tura wata za ta biyo baya. Ta kasawa kuwa tana buƙatar idon mutum. A ofis, wannan yana nufin a san wanda aikinsa ne ya leƙa foldar, musamman bayan an aika wani abu mai wa'adi. Adireshin da ya dawo da 5.1.1 a cire shi daga jeri a nemi sabo ta waya, domin yawan aika wa matattun adireshi yana zubar da ƙimar mai aike a wurin manyan kamfanonin imel. Sanarwar da ta zo a kan saƙon da mutum bai aika ba, ko wadda ke neman a latsa wani wuri a shigar da kalmar sirri, ita ce ta cancanci shara. In kuma ta yi yawa, a sauya kalmar sirri a duba ko wani ya shiga akwatin.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Rashin dawowar saƙo ba ya tabbatar da isarsa, domin sabar can tana iya karɓa ta jefa shi cikin tarkace ba tare da ta ce komai ba. Wannan giɓi ne ya sa mutane suka rungumi alamomin WhatsApp, musamman shuɗin layi biyu da aka ƙara a 2014, wanda ya maido da wani abu daga aikin manzo: ya isa, kuma an gani. Shi ya sa har yau magatakardan da ya san aikinsa a Kaduna, in ya tura takarda mai muhimmanci ta imel, yakan bi ta da kiran waya, wani lokaci ma ya tura masinja da littafin sa hannu. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Inda zuwa da kai bai yiwu ba, mafi ƙarancin abin da mai aike zai yi shi ne ya saurari wanda ya dawo ya ce masa bai samu kowa a gida ba.